Ziyarar da Ta Kashe Gaba a Argungu

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Tarihin Argungu, garin Kabawa da ke bakin Gulbin Kabi, ya gaskata wannan magana.

Kabi tsohuwar daula ce, Muhammadu Kanta ya kafa ta wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, ya zauna a Surame. Cikin 1805 mayaƙan jihadi, a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, suka ci Birnin Kabi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka bar birnin, daga baya Argungu ta zama mazaunin sarautarsu. Cikin 1849 Yakubu Nabame ya ta da yaƙi, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu. An yi sulhu a 1867, wanda a ke kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma bai kai shekara goma ba aka koma fagen fama.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 sai aka rataye takubba. Amma hana yaƙi daban, wanke zuciya daban. Waɗanda aka kashe wa iyaye suna nan da rai, ba su manta ba.

Sai cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya yi tattaki ya zo Argungu, ba da runduna ba, ya zo baƙo. Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi da girmamawa. Da ya ke kowa da abin hannunsa ya ke karrama baƙonsa, Kabawa kuwa ruwa ne gadonsu, sai aka tara masunta, kowa da homa da gora, suka faɗa ruwa suka yi su a gabansa. Jikokin abokan gaba suka zauna wuri guda, aka yi hira, aka rabu lafiya.

Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda a ke yi a Matan Fada, har cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Abin da sulhun 1867 ya kasa riƙewa, sai ga shi ziyara ɗaya ta ɗaure shi. Allah ya ƙara haɗa kawunan jama'a, amin.