Lanho da Rumbu: Haraji, Tsadar Hatsi da Mulki a Ƙasar Nijar

Gabatarwa

Kalmar "lanho" baƙuwa ce a bakin Hausawan Nijar. Daga Faransanci aka aro ta, wato l'impôt, kuma ta iske waɗansu kalmomi tsofaffi a gida: zakka, kuɗin ƙasa, jangali, gaisuwa. Harshe ba ya cika aron kalma in yana da tasa da ke ɗaukar ma'anar, saboda haka aron da aka yi shaida ne cewa talakawa sun ga baƙon abu. Wannan bincike yana bin sawun abin ne, domin ya nuna cewa a ƙasar da mafi yawan jama'arta manoma ne da makiyaya, da damman hatsi ake auna nauyin haraji, kuma da abin da ya rage cikin rumbu ake auna adalcin mai mulki.

1. Kafin zuwan Nasara

A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram da Maraɗi da Gobir suna karɓar dukiya ta hanyoyi da yawa. Akwai zakkar amfanin gona, akwai kuɗin masu sana'a, akwai fiton ayarin da ke ratsawa tsakanin Kano da Agadas, akwai gaisuwar sarakunan da aka ci da yaƙi, sannan ga ganima. Da wannan dukiya ce Sarkin Damagaram Tanimun ya gina ganuwar Zinder, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Ba zamanin jin daɗi ba ne ga kowa, don kuwa harin bayi ya watsa ƙauyuka masu yawa.

Duk da haka harajin wancan lokaci yana da siffofi biyu. Ta farko, zakka tana bin damina: in gona ta yi albarka ta yi yawa, in ba ta yi ba ta ragu. Ta biyu, maigida ne ake nema, ba a ƙidayar kawunan iyalinsa. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Tasawa ya isa Kano a shekarar 1851, ya kuma rubuta cewa kuɗin ƙasa a Kano wuri 2,500 ne ga kowane maigida, daidai da dala guda ta azurfa. Sunan dala bai ɓata ba, ya koma kan tamma biyar ta Faransa. Bayan wannan, talaka yana da makami guda, shi ne ƙaura. Daji yana da faɗi, sarkin da ya matsa wa mutanensa sai ya wayi gari sun koma ƙasar maƙwabcinsa, ga shi kuwa yana bukatarsu ranar yaƙi.

2. Lanhon Nasara

Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka mai da ita hedkwata daga 1911 zuwa 1926. Da farko sun karɓi hatsi da dabbobi da wuri, daga baya suka ce sai kuɗinsu. Nan ne sabon abu ya shigo. Lanho kuɗin kai ne, ana ɗora shi bisa ƙidayar da kumandan ya yi, a ɗora wa gari jimla guda, a ce wa sarkin kanto da maigari su kawo. Ba ruwansa da damina. In mutum ya mutu ko ya gudu, sunansa yana nan cikin takarda har sai an sake ƙidaya, waɗanda suka rage su biya masa. Sarki kuma yana da kasonsa cikin abin da ya tara, don haka ya tashi daga matsayin uban ƙasa ya zama ɗan aiken kumandan, gardi na bayansa.

Illar wannan tsari ga farashin abinci a fili take. Lokacin karɓar lanho yana zuwa bayan kaka, sa'ad da kowa ke neman kuɗi a kasuwa guda, hatsi ya faɗi ƙasa warwas. Manomi ya sayar da damma masu yawa kafin ya haɗa kuɗin kansa da na iyalinsa. In bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma wurin ɗan kasuwar da ya saya a hannunsa, ya sayi tiya da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai shuka ba tukuna. Ta haka ya biya haraji sau biyu, ɗaya ga gwamnati, ɗaya ga kasuwa. Ga kuma aikin tilas na hanyoyi da gine-gine, wanda ke raba shi da gona. Mutanen bakin iyaka suka yi ta ƙetarawa ƙasar Ingilishi, samari suka ɗauki ci-rani zuwa Kano da Gwalkwas don nemo kuɗin lanho.

3. Yunwar 1931

An sha yunwar Kakalaba a 1913 da 1914, amma ta 1931 ce ta fi tona asirin tsarin. Fara ta cinye gonaki a yammacin ƙasa, musamman wajajen Yamai da Doso da Tilaberi, a daidai lokacin da kasuwannin duniya suka karye, kuɗin dabbobi ya faɗi. Lanho kuwa ya riga ya ninka sau da yawa tun bayan Yaƙin Duniya na Farko. Gwamnatin Gwamna Blacher ta raina labarin yunwar, aka ci gaba da neman kuɗi ga mutanen da suka koma haƙar gidan tururuwa. Dubban mutane suka mutu, dubbai suka watse. Sufeto Bernard Sol, wanda aka aiko daga Faransa ya bincika, ya ɗora wa hukumar mulkin mallaka babban alhaki.

Maganin da aka kawo shi ne rumbunan tsimi na tilas: kowane gida ya zuba hatsi, hukuma ta riƙe izinin buɗewa. Tsimi ba baƙo ba ne ga manomi, amma rumbun da mai shi ba ya da ikon buɗe shi, a idon talaka wani lanho ne aka sake wa suna.

4. Siyasa da gyaɗa

Dokar 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin tilas, a shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar PPN. Ƴan siyasar farko ba su sha wahalar neman abin faɗi a ƙauye ba: lanho, rumbun tilas, da zaluncin waɗansu sarakunan kanto. Jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauki sunan Sawaba, kalmar da ke nufin sauƙi bayan wuya, kuma sunan kaɗai ya isa bayanin abin da jama'a ke nema. An haramta ta a 1959.

Bayan samun mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta gaji lanho ba ta sauke shi ba, domin baitulmali ya dogara ne bisa kuɗin kai da jangali da gyaɗa. A Maraɗi da Tasawa da Matamai da Magarya gyaɗa ta zama gonar lanho, tana cin filin hatsi. An kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikinta, ribar tana tafiya ga albashin ma'aikata a birni. Da Faransa ta daina sayen gyaɗa bisa farashin alfarma a ƙarshen shekarun 1960, sai ga fari ya biyo baya daga 1968 zuwa 1974. Dabbobi suka ƙare, hatsi ya yi tsada, labari ya bazu cewa hatsin taimako yana kwana a sito ko yana fita kasuwa ta hannun manya. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka hamɓarar da gwamnati. Laftanan-kanar Seyni Kountché ya sa rabon abinci a gaban kome, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare, da kuɗin uraniyom na Arlit suka shigo, aka soke kuɗin kai na gwamnatin tsakiya, aka bar na ƙananan hukumomi.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa talakan Nijar bai ƙi haraji don haraji ba. Ya saba fid da zakka da gaisuwa tun kafin Nasara. Abin da ya ƙi shi ne mai karɓa a shekarar ƙoshi wanda ba a ganinsa a shekarar yunwa, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wannan ma'auni bai tsufa ba. A watan Maris 2005, da gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari bisa fulawa da madara da sukari da ruwa da lantarki, a shekarar da fara da ƙarancin ruwa suka riga suka taɓa rumbuna, birane suka rufe kasuwanni har sai da aka janye wani ɓangare na dokar.