Tunawa da Janar Murtala da Waɗanda Suka Ba Abuja Suna da Ƙasa



Ranar 13 ga watan Fabrairu rana ce da ya kamata duk mai kwana da tashi a wannan gari ya riƙe ta. A irin wannan rana ce a shekarar 1976, ranar Juma'a da safe, aka harbe shugaban ƙasa Janar Murtala Ramat Muhammad a Legas yana kan hanyar zuwa ofis a Barikin Dodan, wato a 2026 shekara 50 ke nan cif. Duk shekara jaridu kan buga hotonsa, a yi lacca, a watse. To amma mu da ke zaune a nan muna da wata alaƙa da shi ta daban, domin kuwa kwana 10 kacal kafin a kashe shi, ranar 3 ga Fabrairu, ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin tarayya daga Legas a dawo da shi tsakiyar ƙasa. Ya rasu bai ga ko tubali ɗaya na garin ba.

An haifi Murtala a Kano ranar 8 ga Nuwamba 1938. Ya yi karatu a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda ake kira Barewa, ya shiga soja a 1958, ya samu horo a Sandhas ta Ingila, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. Mulki ya faɗo hannunsa ne bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1975, lokacin da Janar Yakubu Gowon yake Kamfala wajen taron ƙungiyar haɗin kan Afirka. Abin da ya yi a kan mulki bai wuce kwana 200 ba, amma a ɗan wannan lokaci ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki, ya tsayar da 1 ga Oktoba 1979 a matsayin ranar miƙa mulki ga farar hula, ya ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19, sannan a Janairun 1976 ya je Adis Ababa ya goyi bayan ƙungiyar MPLA ta Angola a fili, duk da matsin lambar Amurka.

Gaskiya ɗaya ce, kuma tunawa da mamaci ba ta hana a faɗe ta. Murtala na cikin jagororin juyin mulkin Yulin 1966. A lokacin yaƙin basasa shi ne kwamandan runduna ta 2, kuma sojojin wannan runduna ne suka kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, abin da mutanen can ba su manta ba har yau. Haka nan korar da ya yi wa ma'aikata sama da 10,000 ta haɗa da masu laifi da waɗanda tsautsayi ya rutsa da su, kuma masana da dama na ganin tun daga nan ma'aikacin gwamnati ya daina yarda cewa aikinsa zai kai shi ga fansho. Idan maƙwabcinka a Kubwa ko Lugbe ɗan Asaba ne, kada ka yi mamaki in ka ga ba ya kallon wannan rana yadda kake kallonta.

Batun Abuja kuwa ya faro ne a watan Agustan 1975, sa'ad da Murtala ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, wanda a cikinsa akwai Dakta Tai Solarin. Legas ta cika ta batse, ga ta babban birnin tarayya ga ta babban birnin jiha, ruwa ya kewaye ta babu wurin faɗaɗawa, sannan tana can kusurwa guda a bakin teku. Kwamitin ya ba da shawarar a zaɓi fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 a tsakiyar ƙasa, inda babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku da za ta ce nata ne. Doka ta 6 ta 1976 ce ta tabbatar da haka. Wani abin ɗaukar darasi shi ne, cikin cunkoson motocin Legas ɗin nan ne mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka tare baƙar Marsandinsa a Ikoyi, babu wani ayarin tsaro, suka kashe shi tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa. Yana da shekara 37. An kai shi Kano aka binne. Gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Sai dai mai karatu, doka ba ta ƙirƙiro suna ba, ba ta kuma ƙirƙiro ƙasa ba. Duka biyun a hannun wasu aka karɓe su, kuma waɗannan mutane ba kasafai ake ambatonsu ranar 13 ga Fabrairu ba.

Mu fara da suna. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya ci Zariya, sai Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu ya sauka Zuba. Makau ya rasu a fagen yaƙi a wajen Lapai a 1825. Ɗan uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma a 1828 ya kafa garin da ya ɗauki sunansa, Abuja, ba nisa da Dutsen Zuma. Zazzagawan Abuja sun riƙe sarautarsu ba tare da sun koma ƙarƙashin Sakkwato ba har zuwan Turawa a 1902. Sarki na shida a wannan gida shi ne Alhaji Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma malamin makaranta, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa rasuwarsa a 1979. A zamaninsa ne aka yanki kaso mai yawa na ƙasar masarautarsa aka sa cikin yankin birnin tarayya, tsohon garin kuma ya bar wa sabon birni sunan da ya yi kusan shekara 150 yana amsawa, ya koma Suleja, daga sunan sarkin. Saboda haka duk yaron da aka haifa a Garki ko Nyanya yake cewa shi ɗan Abuja ne, sunan wani Bazazzagi ɗan gudun hijira yake ambata, ko ya sani ko bai sani ba.

Sannan ƙasa. Kafin kwamitin Aguda ya zagayo, akwai ɗaruruwan ƙauyuka a nan na Gbagyi, waɗanda mu muke kira Gwari, da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana, da kuma Hausawa da Fulani da suka daɗe tare da su. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da Jabi duk sunayen garuruwan mutane ne tun kafin su zama sunayen unguwanni. Da farko an tsara za a kwashe kowa a mayar da shi wajen yankin da kuɗin gwamnati, amma a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta ga kuɗin sun yi yawa, sai aka taƙaita tashin ga waɗanda ginin birni ya biyo ta kansu. Daga nan ne aka samu Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna, da Sabon Karu da Sabon Nyanya a hanyar Keffi. Waɗanda suka rage suka wayi gari gonakin kakanninsu sun zama fulotai, ba su da jiha, ba su da gwamnan da za su zaɓa. Sai a 2023 ne aka naɗa ɗan asalin yankin na farko minista, wato Zephaniah Jisalo.

Wanda yake son ganin wannan tarihi a taƙaice, ya ɗauko takardar Naira 20. An fara fitar da ita a Fabrairun 1977 da hoton Murtala, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da aka sa a jikin kuɗi. A juya bayan wadda aka sabunta a 2007, za a ga wata mace zaune tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar Gbagyi daga garin Kwali. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ne Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja a 1954, aka nuna aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu ranar 12 ga Agusta 1984. Sau nawa muka taɓa jin wani a cikinmu ya tuna da wannan rana?

Abin da ya sa nake jawo hankalinmu shi ne, mu Hausawan da muka zo daga baya, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya har da Maraɗi, mun ci moriyar wannan gari. Wasu sun zo leburanci tun ana share daji, wasu aikin gwamnati ya kawo su, wasu canji a Zone 4, wasu katako da dabbobi a Dei-Dei, wasu kayan marmari a Zuba. Idan aka ce mana baƙi, mukan ce ai Murtala ya ce garin na kowa ne, kuma haka ne. To amma wanda ya kafa hujja da wannan doka, ya kamata ya san wa aka tayar kafin a ba shi wuri. Yawancinmu mun ga rusau tsakanin 2003 da 2007, mun san yadda mutum yake ji idan katafila ta tsaya a ƙofar gidansa. Mutanen ƙauyukan nan sun riga mu ɗanɗana wannan, su kuma ba su da wani gida a Arewa da za su koma. Abin kunya ne a ce muna zaune a ƙasar mutum, muna sayen doyarsa da itacensa, amma har yanzu sunan ƙabilarsa muke amfani da shi wajen yi wa wanda bai iya magana ba ba'a. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, mun ga sakamakon raina juna a garuruwa da dama na ƙasar nan, bai kamata mu shuka shi a nan ba.

Mu a al'adarmu ba ma gina gunki, addu'a da sadaka muke yi wa mamaci, mu kuma kyautata wa waɗanda ya bari. Don haka idan wannan rana ta zagayo, a zaunar da yara a faɗa musu waye Murtala, abin da ya yi daidai da inda ya yi kuskure. A faɗa musu waye Abu Ja, waye Sulaimanu Barau, wace ce Ladi Kwali. Wanda ke da hali ya kai su Suleja su ga fadar da sunan garinsu ya fito. Shugabannin al'ummarmu a unguwanni kuma su riƙa kai gaisuwa ga sarakunan gargajiyar da muka tarar, a lokacin biki da lokacin rashi, kada a jira sai rikici ya tashi.

Allah ya jiƙan Janar Murtala, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.