Hoton Haƙori da Gane Gawa: Ina Ƙarfin Hujjar Yake?

Hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, ta amince da hanyoyi uku na asali wajen gane gawa: zanen yatsu, ƙwayoyin halitta, da haƙori. An sa haƙori a jerin ne domin ɓawonsa ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam. Yana jure wuta, ruwa da daɗewa a ƙasa. Hoton eksire kuwa yana bayyana abin da ido ba ya gani: lanƙwasar saiwa, siffar ciko, gurbin wanda aka cire, da tsarin ƙashin muƙamuƙi.

Sai dai hujjar wannan maƙala ita ce, ƙarfin hanyar yana ga hoton da aka adana tun mutum na raye. Aikin masani kwatantawa ne. In babu na da, na yanzu ba ya faɗin sunan kowa.

Tarihi ya nuna haka. A 1973 masana haƙori Reidar Sognnaes da Ferdinand Strøm suka kwatanta hotunan eksire na kan Hitler da aka ɗauka a 1944 da bayanin muƙamuƙin da sojojin Sobiyet suka samu a Balin a 1945, suka tabbatar nasa ne. Bayan ambaliyar tsunami ta 2004, wadda ta kashe fiye da mutum 5,000 a Tailan, akasarin Turawan da aka fara ganewa ta haƙori aka gane su, saboda likitocinsu sun aiko da fayiloli. 'Yan ƙasar kuwa, da yawansu ba su da irin wannan fayil, sai aka fi dogara da zanen yatsu.

Wani zai ce gwajin ƙwayoyin halitta ya wadatar. Amma yana da tsada, yana cin lokaci, kuma zafi mai tsanani na lalata samfurin. Ga al'ummar da ke gaggauta jana'iza, wadda takaba da rabon gado ke jiran tabbacin mutuwa, sauri ba ƙaramin abu ba ne. Misali, gobarar tankar mai ta Majiya a Jigawa, a 2024, ta ƙare da binne mutane da dama a kabari ɗaya.

Saboda haka, ya wajaba hukumomin lafiya su tilasta wa asibitocin haƙori adana hotunan marasa lafiya bisa tsari guda, mai sauƙin nemowa ranar buƙata.