Ranar da Masu Karatu Suka Yanke Hukunci

Jama'a masu sauraro, daga Sabha har Agadas, gardamar nan ta bayan kallo, wai "bos ya mutu da arha", tsohuwa ce. Mai karatu ya daɗe da sanin cewa abokin hamayya ne gishirin labari. Ku duba Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, 1934: a cire Malam Zurƙe, wa Alhaji Imam zai gwada wa wayo?

A Amurka ma ƙorafin masu karatu ya taɓa cin ran jarumi. A 1988 masu sayen littattafan zane na Batman suka dami kamfanin DC cewa yaronsa Robin ya cika fitsara. Kamfanin ya buɗe layin waya: a kashe ko a bari? Ƙuri'a 5,343 suka ce a kashe, 5,271 a bari. Da ratar 72 aka miƙa shi hannun mugu Joker.

Ashe marubuci yana jin kukan mai saye. To, in fim ya mai da makiyayi ko falke mugu kullum saboda sandarsa ko rawaninsa, kada ku yi shiru. Hali ke nuna mugu, ba sutura ba.