Sanin Kai a Shugabanci: Wa Zai Faɗa wa Shugaba Gaskiya?

Tun da Goleman (1998) ya sa sanin kai a farkon siffofi biyar da ya ce su ne ke bambanta shugaba nagari da waninsa, batun ya zama ruwan dare a tarurrukan bita na ma'aikata, daga bankuna har ma'aikatun gwamnati. Asalin nazarin sananne ne, ba sai an maimaita ba (dubi Duval da Wicklund, 1972). Abin da wannan maƙala ke ƙalubalanta shi ne fahimtar da ta fi yaɗuwa tsakanin masu bin Goleman, wai sanin kai abu ne da shugaba ke samu in ya keɓe ya yi ta bincikar zuciyarsa, kuma da zarar ya samu sai aiki ya bunƙasa a hannunsa. A ganina an sa abin a baibai. Mafi yawan abin da shugaba ke buƙatar sani game da kansa yana bakin mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Hujja ta farko daga fagen nazarin halayyar ɗan Adam take. Nisbett da Wilson (1977) sun jera wa masu sayayya safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak, suka ce a zaɓi mafi kyau. Ta ƙarshen hannun dama aka fi ɗauka, kowa kuma ya kawo dalilinsa na laushi ko kyan saƙa. Da aka tambaye su ko wurin da aka ajiye safar ya ja ra'ayinsu, sai suka musanta. Ba ƙarya suka yi ba, iyakar abin da suka hango a zuciyarsu ke nan. Eurich (2017) ta ruwaito cewa kashi 95 cikin ɗari na mutanen da ta nazarta suna ganin sun san kansu, alhali kashi 10 zuwa 15 ne kawai suka cika sharaɗin. Ana iya jayayya kan ma'aunin da ta yi amfani da shi, amma ratar ta yi faɗin da ba za a ɗora wa ma'auni kaɗai ba.

Wasu kan ce ai muhasaba ma keɓewa ce da bincikar kai. Haka ne, sai dai Imam Gazali, da ya zo bayanin yadda mutum ke gano aibobinsa a cikin Ihya'u, hanyoyi huɗu ya kawo: malami mai basira, aboki mai gaskiya, harshen maƙiyi, da cuɗanya da jama'a. Duka huɗun daga waje suke. Haka ma Magili, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), abin da ya yi ta nanatawa shi ne haɗarin sarki ya shige labule ya rabu da talakawansa.

A ofisoshinmu labulen yana da kauri. Darakta ya gama jawabi ya ce, "Akwai mai gyara?" Ɗaki ya yi tsit. Can sai mataimakinsa ya muskuta ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka gama magana." Gyaran yana nan, amma sai an fita, a gindin bishiyar da ake ajiye motoci, za a ji cewa fayil ya kwana wata biyu a teburinsa domin ba ya yarda kowa ya sa hannu a madadinsa. Kunya da ladabi, waɗanda Kirk-Greene (1974) ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, su ne a nan suke rufe wa shugaba ido, fadanci kuma ya ƙarasa sauran. Tsarin aiki ma bai taimaka ba. Kwamitin Udoji ya ba da shawara a 1974 a daina rahoton sirri a riƙa nuna wa ma'aikaci abin da aka rubuta a kansa, amma fom ɗin tantancewa na shekara-shekara da aka saba da shi daga sama yake gangarowa. Babba yana auna ƙarami, ƙarami ba shi da gurbin auna babba.

Mai kare Goleman yana da martani biyu, kuma na biyun yana da nauyi. Na farko, zai ce Goleman da abokan aikinsa sun yi bayanin wannan ciwo a littafinsu na 2002, inda suka nuna cewa gwargwadon hawan mutum gwargwadon raguwar gaskiyar da ke isa kunnensa. Wannan gaskiya ne. Amma maganin da ake ɗauka daga can zuwa ɗakin bita shi ne shugaba ya gyara halinsa, ya nemi mai horar da shi. Ƙaramin ma'aikacin da ƙarin girmansa ke hannun wannan shugaba ba abin da ya canza masa. Faɗin gaskiya yana nan da tsadarsa, kuma shi zai biya.

Martani na biyu shi ne jin ra'ayin wasu ba kullum yake gyara aiki ba. Kluger da DeNisi (1996) sun tattara ɗaruruwan sakamakon bincike, suka gano cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku, faɗa wa mutum yadda aikinsa yake sai ma ya ƙara lalata aikin. To ina amfanin buɗe ƙofa? Ba a kawar da wannan da ɗaga hannu. Sai dai a lura da bayanin da marubutan suka bayar: illar ta fi bayyana idan maganar ta karkata hankalin mutum zuwa ga kansa, ta ragu idan ta tsaya kan aikin. Wato a ce wa darakta "kana da girman kai" zai sa ya kwana yana kare mutuncinsa, a ce masa "fayil ashirin suna jiran sa hannunka" kuwa magana ce da zai iya aiki da ita gobe da safe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, muddin kayan aka nuna. Idan haka ne, da alama wannan bincike ya fi cutar da masu cewa shugaba ya zura wa kansa ido fiye da yadda ya cutar da ra'ayina.

Duk da haka, dole a rage faɗin iƙirarin. Yawancin binciken da ke haɗa sanin kai da bunƙasar aiki, irin na Atwater da Yammarino (1992), alaƙa yake nunawa, bai tabbatar da wanne ya haifi wanne ba. Abin da hujja ta fi ɗauka ƙarami ne. Edmondson (1996) ta gano cewa sassan asibitin da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi kawo rahoton kurakuran ba da magani, domin a can ne ma'aikatan jinya ba sa tsoron faɗa. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai shi ne inda ƙarami ke iya magana, kuskure yana fitowa da wuri, har da na shugaba.

Saboda haka ina kira ga masu nazarin harkar gudanarwa a jami'o'inmu su rage raba wa shugabanni takardar tambayoyi suna auna kansu da kansu. A tambayi sakatare da akawu da masinja, cikin sirri, abin da suka sani game da aikin maigidansu wanda ba su taɓa faɗa masa ba, da dalilin da ya hana su.