Igwa a Kan Ƙafar Aro: Motocin Gwajin Jamus a Yaƙin Hitila

A watan Janairu na 1942 aka sauke wata baƙuwar mota a tashar jiragen ruwa ta Tarabulus, birnin da ayarin raƙuman Kano suka daɗe suna kai wa fatu da gashin jimina. Gabanta tayoyi ne irin na babbar mota, bayanta kuwa kaca ce irin ta katafila, a samanta an girke igwa mai faɗin baki santimita 7.5. Bayan wata guda 'yar'uwarta ta iso. Su biyun nan su ne iyakar irinsu a duniya. Kamfanin Büssing-NAG ne ya ƙera gangar jikinsu, Rheinmetall ya ƙera igwar, aka turo su hamadar Libiya domin rundunar Janar Rommel ta gwada su a kan tankokin Ingila. Ba su kai rabin shekara ba. Ɗaya ta faɗa hannun Ingilishi, ɗayar kuma ta salwanta a gumurzun Gazala a watan Yuni, bayan an ba da rahoton ta fasa tankoki uku.

Masu sha'awar tarihin makamai sukan ɗauki irin waɗannan motoci a matsayin shaidar gwanintar injiniyoyin Jamus. Gwanintar tana nan. Amma wanda ya bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya zai tarar da cewa rashi ne ya haife su.

Jamus ta shiga yaƙi a 1939 da ƙaramar igwar fasa tanka mai faɗin santimita 3.7, wadda ake ja da mota ko da dawaki. A Faransa a 1940 ta kasa huda sulken tankar Matilda ta Ingila. Da aka shiga Tarayyar Sobiyet a watan Yuni na 1941 aka yi kiciɓis da tankokin T-34 da KV, sai abin ya zama abin ba'a, har sojojin Jamus suka laƙaba wa igwarsu sunan da ke nufin na'urar ƙwanƙwasa ƙofa: tana sanar da abokan gaba inda take, ba ta yi musu komai. Maganin shi ne igwa babba, to amma babbar igwa nauyi gare ta. Wadda ta zo daga baya mai santimita 7.5 ta kusa tan ɗaya da rabi. Duk wanda ya taɓa ganin motar auduga ta kafe a laka tsakanin Bakori da Malumfashi a watan Agusta ya san abin da ake nufi da a ce mutum biyar ko shida su fizgo irin wannan ƙarfe daga taɓon Rasha, ana kuma harbinsu. Sau da yawa barinta ake yi a gudu.

Saboda haka dole igwar ta sami ƙafar kanta. Ƙera sabuwar tanka mai kai mai juyawa yana cin lokaci da ƙarfe, masana'antun Jamus kuwa ba su da rarar ko ɗaya. Sai aka koma ga abin da ke hannu. Motar farko, Panzerjäger I, tsohuwar ƙaramar tanka ce aka cire mata kai aka ɗora mata igwar Cakoslobakiya mai santimita 4.7, an yi guda 202. Waɗanda aka kira Marder sun fi nuna halin da ake ciki: wata a kan motar jan kaya ta Faransa da aka kwasa ganima, wata a kan tankar Cakoslobakiya ɗauke da igwar Rasha da aka ƙwace a fagen fama. Rommel ya sami guda tara na wata irin, igwar Rasha a cikin akwatin ƙarfe a bayan motar ja mai kaca. Dukkansu sama a buɗe, sulke siriri. Suna iya kashe tanka daga nesa, amma idan aka gan su ko harsashin ƙaramar igwa ya ishe su.

Inda abin ya fi ban mamaki shi ne manyan na gwaji. Kamfanin Krupp ya ƙera guda biyu masu igwar santimita 10.5, waɗanda sojoji suka kira Dicker Max, wato Max mai ƙiba. An tsara su ne domin rusa ganuwar kankare ta Maginot a iyakar Faransa, amma kafin a gama su a farkon 1941 Faransa ta riga ta faɗi. Sai aka ce to su je Rasha su farauci tanka. Nauyin kowace tan 22 ne, injinta kuwa ƙarfin doki 180 kawai. Ɗaya ta kama da wuta da kanta a kwanakin farko na mamayar, harsasan cikinta suka tarwatsa ta ba tare da abokin gaba ya taɓa ta ba. Rabin dukan irin ya tafi a yini ɗaya.

Bayansu aka yi wasu biyu mafi girma, Sturer Emil, Emil mai taurin kai. Gangar jikin wata tankar gwaji ce ta kamfanin Henschel da aka fasa ci gaba da ita, aka tsawaita ta aka ɗora mata igwar santimita 12.8 wadda asalinta ta kakkaɓo jirgin sama ce. Tan 35 take, harsasan da take ɗauka ba su kai ashirin ba. Ma'aikatansu sun sa musu sunayen Max da Moritz, wasu yara biyu masu ƙiriniya na wani sanannen littafin yaran Jamus. A fili mai faɗi irin na kudancin Rasha sun yi ɓarna ƙwarai, domin babu tankar Sobiyet da ke jure wannan harsashi. Sai dai idan wani abu ya karye a jikinsu, babu shagon da za a nufa. Mota biyu ba ta da rumbun kayan gyara.

Nan ne ainihin ciwon. An ƙiyasta cewa rundunar da ta shiga Rasha a 1941 tana da motoci kusan iri 2,000, na Jamus da na Faransa da na sauran ƙasashen da aka ci. Kowace sabuwar dabara tana ƙara iri ɗaya a kan waɗannan, da nata kusoshi, da nata harsashi, da makanikin da sai an koya masa. Manoman yankin Funtuwa, inda aka fara ɗaya daga cikin shirye-shiryen bunƙasa noma na Bankin Duniya a 1975, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sun ga taraktoci iri-iri daga ƙasashe daban-daban, sun kuma ga yadda lafiyayyar tarakta ke shekara a kan duwatsu saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba, alhali tsohuwar da kowane makaniki ya san cikinta tana nan tana huɗa.

Abokan gaban Jamus sun bi wannan hanya ta biyun. Amurka ta ƙera tankar Sherman wajen 49,000, Sobiyet ta ƙera T-34 fiye da 50,000. A hamadar Libiya ma jigila ce ta raba gardama, kuma a nan ƙasar Hausa ta shigo cikin labarin kai tsaye. Tun daga Satumba 1940 ake harhaɗa jiragen yaƙin Ingila a Takoradi, su tashi su bi ta Legas, su sauka Kano su sha mai, su wuce Maiduguri da Khartum zuwa Masar, dubbai daga cikinsu. Gyaɗa da audugar da jirgin ƙasa ke kwasa daga Funtuwa zuwa Zariya, ya gangara da su bakin teku, suna cikin kayan da Ingila ta dogara da su. Rommel kuwa yana jiran man da jiragen ruwansa ke nutsewa da shi a Bahar Rum. Motar gwaji biyu ba za su sauya wannan lissafi ba ko da kowace ta fasa tanka talatin.

Ba za a ce Jamusawa ba su gane ba. Motar da ta fi yi musu aiki wajen kashe tanka, StuG III, mai sauƙin ƙira ce, gajera, a kan gangar jikin da makanikansu suka sani, kuma an yi ta fiye da 10,000. Duk da haka son ƙaton abu bai bar Hitila da wasu injiniyoyinsa ba. A 1943 aka mayar da gangar jiki 90 na tankar Porsche, wadda ta faɗi gasar kwangila, zuwa motar Ferdinand mai tan 65, aka kai su Kursk, inda nakiyoyi da lalacewar inji suka tsayar da da yawa daga cikinsu, ga shi babu isassun motocin da za su iya janyo su. Jagdtiger ta ƙarshen yaƙi ta haura tan 70, gadoji da yawa ba sa ɗaukarta.

Daga cikin Max da Moritz, ɗaya ta halaka a 1942. Ɗayar sojojin Sobiyet suka same ta a kusa da Stalingrad a Janairu 1943, an zana alamar kisa 22 a jikin igwarta. Tana nan a gidan adana tankoki na Kubinka, kusa da Mosko.