Tarihin Ai-si Mai Naɗar Murya da Yadda Ake Sarrafa Ma'adanarsa

Ai-si mai naɗar murya ɗan guntun kayan lantarki ne da ke ɗaukar magana ya adana, ya maimaita ta duk lokacin da aka so, ba tare da kaset ko faifai ba. Wasu marubuta kan faro tarihinsa daga 1978, shekarar da Texas Instruments ya fitar da abin wasan yara mai suna Speak & Spell. Wannan lissafi bai hau ba, domin ai-sin da ke ciki harhaɗa murya yake yi daga bayanan da aka ɗura masa tun a masana'anta, mai shi ba ya iya naɗar tasa. Shekarar da ta fi cancanta ita ce 1991, lokacin da Trevor Blyth da Richard Simko na kamfanin Information Storage Devices da ke San Jose a Amurka, wanda aka fi sani da ISD, suka bayyana dabarar adana sauti kai tsaye a ma'adanar EEPROM.

A ma'adanar dijital, kowane gurbi abu biyu ya sani, sifili ko ɗaya, don haka ɗigon sauti guda sai ya cinye gurbi takwas. ISD ya mai da gurbin kamar mudu: yawan cajin da aka zuba masa shi ne ƙarfin sautin, a matakai kusan 256. ISD1016 yana da gurbi 128,000, yana cika 8,000 a kowace daƙiƙa, ke nan maganar daƙiƙa 16. Ko an cire batir muryar tana nan. Takardun kamfanin sun ce za ta kai shekara 100, kuma ana iya sake naɗi sau 100,000.

Da maganar adanawa ta kau, sai ta nemo saƙo ta taso. ISD2560 mai ɗaukar daƙiƙa 60 ya jera gurbinsa 480,000 a sahu 600, kowane sahu kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Mai haɗa na'ura yana zaɓar sahun da za a fara ta ƙafafu goma, A0 zuwa A9, ya ba wasu wuta ya kai wasu ƙasa. In an gama naɗi, ai-sin ya dasa alamar ƙarshen saƙo, wato EOM, inda zai tsaya idan yana karantowa. Ga agogo mai magana ko na'urar sanarwa wannan ya wadatar. Amma halinsa na kaset ne: ka naɗi dogon saƙo a mazaunin gajere, ya cinye kan na gaba, ka goge na tsakiya, ya bar giɓin da sai daidai shi ko ƙasa da shi zai shiga. Na'urar amsa waya, wadda ake goge saƙonninta ba bisa jeri ba, ba ta jure haka. Ga kuma ƙafafu goma da aikin ke ƙwacewa daga wani ai-si na daban, wato mai ba da umarni.

Maganin ya zo da jerin ISD33000, sannan ISD4000, waɗanda suka koma hanyar SPI ta Motorola. Waya huɗu kacal ake bukata: ta zaɓen ai-si, ta bugun lokaci, ta shigar da umarni, da ta mayar da amsa. Adireshi da umarni irin su SETREC, REC, SETPLAY da STOP suna shiga ɗaya bayan ɗaya ta waya guda. ISD4004 yana da gurbi 3,840,000 a sahu 2,400, yana ɗaukar minti 8 zuwa 16 gwargwadon ingancin sauti.

Babban abin lura a nan ƙafar RAC ce. A samfurin minti 8, kowane sahu yana ɗaukar kashi 200 cikin dubu na daƙiƙa: ƙafar tana riƙe da wuta kashi 175, ta sauke na kashi 25 don nuna sahun ya kusa ƙarewa. Da wannan alama mai ba da umarni yake ƙirga sahu, ya kuma miƙa adireshin wanda za a tsallaka zuwa gare shi. Saƙo guda sai ya iya warwatsuwa, wani ɓangare a sahu na 40, ci gabansa a na 900, mai sauraro bai ji an yanke ba. Sai dai ai-sin murya bai san wane sahu na wane saƙo ne ba. Wannan rajista tana hannun mai ba da umarni, kamar yadda kwamfuta ke lissafin fayiloli. In rajistar ta lalace, muryar tana nan daram amma babu mai iya jera ta.

Winbond na Taiwan ya sayi ISD a 1998, a 2008 kuma sashen ya koma ƙarƙashin Nuvoton. Jerin ISD1700 ya haɗa maɓallai da SPI, yana kuma lissafin saƙonninsa da kansa. Arahar ma'adanar dijital ta janye yawancin kasuwar daga baya. Wanda ya fi yawo a hannun ɗalibai da masu koyon haɗa na'ura a yau shi ne ISD1820, mai ɗaukar saƙo guda na kusan daƙiƙa 10.